Babi na 6: Wa Ya Shiga Lambu Cikin Dare?

Darasi na 1: Me ke kawo su?

Idan zafi ya tsananta, ciyawar daji ta bushe, kududdufai suka ƙafe, lambun bayan gida ne kawai ke da danshi da ɗanyen ganye. Ƙishirwa da yunwa ke kawo dabbobin daji, wani lokaci kuma neman inuwa. Yawancinsu ba sa fitowa da tsakar rana. Sai rana ta faɗi, ko cikin dare, ko gab da wayewar gari. Shi ya sa ba ku ganinsu, sai dai ku tarar da ɓarna. Kafin ku yi maganin ɓarna, sai kun san mai yin ta.

Darasi na 2: Shimfiɗa yashi

Ku samo yashi mai laushi, domin dabbar da ta shigo ta bar sawunta a kai. Da yamma, bayan kun gama ban ruwa, ku zuba shi a ƙofar lambu da gefen shukar da ake ci. Faɗinsa ya kai santimita 50, wato kamar daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsu. Ku ɗan yayyafa masa ruwa, ku shafe samansa da guntun katako har ya yi sumul. Shi ke nan, ku je ku kwanta.

Da safe kada ku ɗauki bokiti. Ku fara zuwa wurin yashin hannu sake, ku tsaya daga gefe, ku duba. A duba sawu tukuna, sannan a yi ban ruwa. Ruwa na goge sawu, ƙafarku ma na goge shi, haka ƙafar yara da kaji. Idan sawun ya goge, aikin jiya ya tashi a banza.

Mu maimaita tare: a duba tukuna, sannan a yi ban ruwa. Na san hannu ya riga ya saba, mutum na tashi sai ya nufi bokiti. Ba laifi, kowa haka ya fara. Ga dabara: da daddare ku kife bokitin, ku ɗora littafinku da fensir a kansa. Da safe littafin za ku fara taɓawa.

A littafin ku rubuta abu uku: ranar, kamannin sawun, da abin da aka ci. Misali: Talata. Yatsu 4. An ci latas. Wanda rubutu bai zauna masa ba tukuna ya zana sawun, ya sa lambar yatsun a gefe. Zane ma shaida ne, kada kowa ya ji kunya.

Darasi na 3: Karanta sawu

Ku durƙusa. Daga tsaye ba za ku ga komai ba. Rana na ƙasa-ƙasa da sassafe, inuwa na shiga cikin sawun, to lokacin ya fi fitowa. Ku ƙirga yatsu da tsinke, ba da ɗan yatsanku ba.

Idan kun ga kofato mai tsaga biyu, barewa ce ko gada ko danginsu, in dai ba akuyar maƙwabta ba ce. Waɗannan ba su da haƙoran gaba a sama, don haka fizgar ganye suke yi. Za ku ga bakin ganyen a yayyage. Zomo kuwa haƙoransa sama da ƙasa masu kaifi ne. Yana yanke karan tsiro a karkace, tsaf, kamar da wuƙa, kusa da ƙasa, ya bar kashinsa ƙanana masu zagaye a wurin. Ku ɗaga karan ku dubi bakinsa da kyau: yagewa ce ko yanka? Wannan kaɗai ya isa ya raba muku zomo da barewa.

Yatsu 4 da alamar farce a gabansu, dila ne ko kare. Yatsu 4 babu farce, dangin kyanwa ne, domin su suna ɓoye farcensu idan suna tafiya. Ɓera da kurege suna da yatsu 4 a ƙafar gaba, 5 a ta baya, ɓera kuma yakan bar siririn layi a tsakiya inda wutsiyarsa ta ja. Rami a gindin shuka, an ci saiwa, ga ƙaya doguwa mai baƙi da fari a yashe: beguwa ce.

Duk wannan sai wanda ya duba kafin ya zuba ruwa. Wasunku har yanzu suna zuwa aji suna cewa, “Malam, ban ga komai ba.” In na tambaya, sai a ce ai an riga an yi ban ruwa. Haba jama'a! Sau nawa za a faɗa? Shukar ba za ta mutu ba don ta jira minti 5. A duba tukuna, a rubuta, sannan bokiti.

Darasi na 4: Shinge

Don zomo, ku nemi ragar waya wadda ramukanta ba su wuce santimita 2.5 ba, tsayinta santimita 90. Ku binne gindinta aƙalla santimita 15 cikin ƙasa, ku lanƙwasa bakin ta waje, domin zomo ta ƙasa yake haƙowa. Barewa tsalle take yi, shingenta sai ya haura mita 2. Kada ku sayi raga kafin littafinku ya nuna muku wace dabba ce, kuma kun san yadda ake samun wannan.

Darasi na 5: Waɗanda ba a kora

Bushiya da kwaɗo ƙwari da tsutsa suke ci, ku ƙyale su. Kada ku zuba guba, tana kashe su, tana kashe kaji da karnuka. Ku ajiye ruwa a kasko marar zurfi can nesa da shuka, ku sa dutse a ciki. Ku riƙa sauya ruwan duk bayan kwana 2 saboda sauro.

Darasi na 6: Cizo

Kada ku kama dabbar daji da hannu, ko da ta yi laƙwas. In ta yi cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti a ranar saboda ciwon haukan kare. Saran maciji ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaurewa tamau. A hana gaɓar motsi, a garzaya asibiti.

Darasi na 7: Tsuntsaye

A rufe shukar da raga, a ja ragar da kyau.

Aikin gida: ku kawo littafinku da rubutun safiya 3.