Kurakuran da aka fi yi wajen jiƙa man arnika a gida da yadda ake gyara su

Arnika tsiro ce mai furanni ruwan ɗorawa da ke fitowa a makiyayun kan tsaunukan Turai, musamman tsaunukan Alps da suka ratsa Faransa da Suwizalan da Italiya da Ostiriya, kuma tun da daɗewa mutanen can suke shafa ta a inda aka bugu, ko aka yi targaɗe, ko tsoka ta ƙage. A shekarar 1984 kwamitin da gwamnatin Jamus ta ɗora wa tantance magungunan tsirrai ya amince da amfani da furenta, amma a kan fata kawai. Jiƙa furen a cikin mai ba aiki ne mai wuya ba, sai dai sauƙin nasa ne ke sa mutane sakaci, har su yi asarar fure mai tsada, ko kuma su haɗa abin da zai ƙona musu fata maimakon ya kwantar da ciwo.

Kuskuren farko a wurin saye yake faruwa. Arnikar da aka fi nazari a kanta ita ce wadda masana ke kira Arnica montana, sai 'yar'uwarta ta Arewacin Amurka, Arnica chamissonis, wadda ake nomawa a madadinta domin ta fi sauƙin raino. Akwai kuma wata tsiro daban mai suna Heterotheca inuloides da ake sayarwa da sunan arnikar Meziko, furenta busasshe ya yi kama da na ainihin ƙwarai, amma kama da wane ba ta wane, domin sinadaran da ke cikinsu ba ɗaya ba ne. Maganin wannan shi ne a duba sunan kimiyya a jikin ƙunshin kafin a biya kuɗi, idan kuwa babu sunan a rubuce, a haƙura a nemi wani. Yana da kyau kuma a zaɓi wadda aka noma, saboda ta daji ta ragu sosai har ƙasashen Turai da dama sun sa doka a kan tsinkarta.

Babban abin da ke kashe wannan mai shi ne ruwa, kuma a nan ne ya kamata a fi tsayawa. Mutum zai ga ɗanyen fure yana sheƙi, sai ya ɗauka ya fi busasshe ƙarfi, ya zuba shi a kwalba ya tsiyaya mai a kai. Ni kaina haka na yi a karon farko. Kwana goma bayan haka na ɗaga kwalbar na duba ta a hasken taga, sai ga wani gurɓataccen ruwa ya kwanta a gindinta, ƙananan kumfa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya, ga kuma fumfuna fara kamar auduga ta lulluɓe furannin da suka leƙo saman man. Da na buɗe murfin, tsamin da ya bugi hancina ya ishe ni hukunci. Dalilin kuwa shi ne mai da ruwa ba sa gauraya, don haka danshin da ke cikin ɗanyen fure yakan fita ya taru wuri ɗaya, nan ne kuma ƙwayoyin cuta da fumfuna ke samun mazauni. Man da ya kai wannan hali ba shi da gyara, ba a tace shi a ce ya tsira, ba a kuma dafa shi don a kashe abin da ke ciki, zubarwa ake yi. Abin da ake gyarawa shi ne aiki na gaba: a yi amfani da furen da ya bushe ƙayau, wanda idan aka murza shi da yatsu yake rugujewa, a wanke kwalba da ruwan zafi a bar ta ta bushe sarai har cikin murfinta, a kuma tabbatar cokalin da za a juya da shi da ƙyallen tata ba su da ko ɗigon laima. Sau da yawa furen ba shi da laifi, kwalbar da aka wanke aka yi gaggawar amfani da ita ce ta ɓata aikin.

Daga nan sai batun awo. Ma'aunin da kwamitin na Jamus ya ambata shi ne kashi 1 na fure a cikin kashi 5 na mai, wato giram 50 na fure ga giram 250 na mai. Matsalar ita ce furen arnika idan ya bushe yakan yi buzu-buzu kamar audugar rimi, giram 50 sai ya cika babbar kwalba, man kuma ya kasa rufe shi. Masu aunawa da ido sukan faɗa ɗayan rami biyu, ko su sa fure kaɗan man ya fito salam, ko su cusa da yawa rabinsa ya tsaya a sama iska tana dukansa. A auna da sikeli, a ɗan murmushe furen da hannu don ya kwanta, tare da rufe hanci domin gashinsa yana sa atishawa, sannan a danna shi da cokali har mai ya haye kansa da kamar santimita 2 ko 3. Idan bai rufe ba, ƙara mai ya fi barin furen a waje, ko da man zai ɗan rage ƙarfi. Washegari a sake dubawa, saboda furen yakan sha mai cikin dare.

Zaɓin man ba ya buƙatar dogon bayani. Man zaitun ya wadatar kuma yana jure ajiya, man johoba, wanda ake tatsa daga 'ya'yan wata tsiron hamada, ya fi shi daɗewa amma ya fi tsada, man 'ya'yan inabi kuwa yana shiga fata da sauri sai dai yana saurin tsufa. Kuskuren kawai shi ne ɗauko ragowar man da ya yi watanni a buɗe, domin jiƙo ba ya mayar da tsohon mai sabo.

Hanyar jiƙo iri biyu ce, kowace da inda ake tuntuɓe a cikinta. A hanyar sanyi ana rufe kwalba a ajiye ta mako 4 zuwa 6 ana girgizawa kowace rana ko bayan kwana biyu. Wasu suna ɗora ta a bakin taga rana tana dukanta, ni dai ban ga hikimar hakan ba, tunda haske yana gaggauta lalacewar mai, ɗumin da ake nema kuwa ana samunsa a cikin kabad ko ta hanyar naɗe kwalbar da takarda. A hanyar ɗumi kuma ana sa kwalbar ko kwanon mai a cikin tukunyar ruwan ɗumi na awa 3 zuwa 5, zafin bai wuce digiri 50 a ma'aunin Salshiyas ba. Marasa haƙuri sukan ɗora man kai tsaye a kan wuta, sai furen ya soyu, ya yi baƙi, man ya ɗauki ƙauri. Wanda ya ji ƙamshin suya ya san ya wuce gona da iri. A kula kuma kada tiririn tukunyar ya taru a murfi ya ɗiga cikin man, domin ta wannan ƙofar ruwan da aka kora da farko yake dawowa.

Wajen tata, a ninka ƙyalle mai laushi biyu ko uku, saboda ƙananan gashin furen idan suka tsallake suna sa ƙaiƙayi. Bayan an tace a bar man ya kwana, laka za ta kwanta a ƙasa, sai a tsiyaye na sama a hankali zuwa kwalba mai duhu, a ajiye a wuri mai sanyi. Yakan kai wata 6 zuwa shekara guda. Ɗigon bitamin E yana jinkirta tsufan mai, amma ba ya hana fumfuna, kada a dogara da shi. A rubuta suna da kwanan wata a jikin kwalbar, a ƙara da manyan baƙaƙe cewa ba a sha, a kuma nisanta ta daga man girki da hannun yara.

Wannan rubutu a jikin kwalba ba ado ba ne. A cikin furen akwai sinadarin helenalin, shi ne ke rage kumburi, shi ne kuma guba idan ya shiga ciki, yana kawo amai da gudawa da rikicewar bugun zuciya, har yakan kai ga halaka idan ya yi yawa. Shi ya sa hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa arnika cikin tsirran da shansu ke da haɗari. Abin da ke ruɗar mutane shi ne ƙananan ƙwayoyin arnika na homiyofati, wata hanyar magani ta daban, da ake tsotsa, waɗanda an sirka su har kusan babu komai na tsiron a ciki, man gida kuwa cikakken jiƙo ne. Saboda wannan dalili ba a shafa shi a kan rauni, ko ƙujewa, ko ƙuna, ko kusa da ido da baki, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai ciki da mai shayarwa su bar shi, wanda ke shan maganin tsinka jini irin su warfarin ya tuntuɓi likita tukuna, hukumar magunguna ta Tarayyar Turai kuma ba ta ba da shawarar shafa magungunan furen arnika ga yaran da ba su kai shekara 12 ba.

Mutane da yawa suna tsallake gwajin fata, alhali arnika dangin tsirran nan masu fure da ake kira kamomil da kalandula ce, wanda jikinsa ba ya karɓar waɗannan yana iya yin ƙuraje da ita. A ɗiga kaɗan a cikin damtse a jira kwana ɗaya ko biyu, idan wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi a wanke da sabulu a daina. Ko ga wanda gwajin bai nuna masa komai ba, shafa ɗan kaɗan sau 2 ko 3 a rana ya isa, kuma ba a ɗaure wurin da leda, ba a mayar da shi man shafawar yau da kullum, domin yawan amfani da shi na tsawon lokaci shi kansa yana haifar da borin fata.

Saura tsammanin abin da man ba zai iya ba. Wani bincike da aka buga a 2007 ya nuna man shafawar arnika mai kauri ya yi aiki daidai da na ibuprofen ga masu amosanin gaɓɓan hannu, amma a kan ciwon tsoka bayan motsa jiki sakamakon bincike ya saɓa wa juna. Idan ciwo ya wuce kwana 3 zuwa 4 bai sassauta ba, ko gaɓa ta kasa ɗaukar nauyin jiki bayan faɗuwa, aikin asibiti ne. Idan kuwa sha-raɓa ɗaya ce ta kumbura, ta yi zafi da ja ba tare da an bugu ba, kada a murza ta ko kaɗan, domin yana yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya, murzar kuma tana iya tura gudan zuwa huhu.