Yadda za ka shiga karatun wasan kwaikwayo daga Bauchi

Ƙanina, in dai da gaske kake son harkar nan to ka nemi ABU Zariya, tun 1975 suke koyar da dirama, kuma su ne suka yi suna wajen ɗaukar wasa su kai shi ƙauyuka da unguwanni irin su Samaru a wayar da kan jama'a. Jos ma ga ta nan kusa da mu, akwai jami'a akwai makarantar koyon fim ta gwamnatin tarayya.

Fara da takardunka. Kiredit biyar a WAEC ko NECO, lallai da Ingilishi da Adabin Ingilishi a ciki, a JAMB ma kar ka bar adabin, nan yaranmu da yawa ke faɗuwa wallahi abin na ci min rai.

Shekara huɗu ne, kuma ba fitowa gaban mutane kaɗai ba ne, za ka koyi rubuta wasa da ba da umarni da saita fitilu da kayan sawa, har guduma za ka riƙe kana buga katakon dandamali, atisaye kuwa sai dare ya raba.

Kafin lokacin ya yi, ka shiga ƙungiyar dirama ta makarantarku, ka saba ɗaga murya na bayan aji ya ji ka. Sannan ka zaunar da Baba ka yi masa bayani a natse tun kafin ka sayi fom.