Kafin ku ce madabod ɗin ta mutu

'Yan uwa masu haɗa kwamfuta, ku ɗan dakata kafin ku mayar da madabod (babban allon da ake jona sauran kayan kwamfuta a kai) wurin mai kaya. Makon jiya wani ƙanena a Samaru ya kawo mini sabon haɗi: fanka na juyawa, sikirin baƙi ƙirin. Har ya yanke ƙauna.

Na ciro madabod ɗin daga akwati, na ɗora a kan kwalinta, na bar furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da ram (ma'adanar wucin gadi) guda ɗaya kawai, a rami na biyu daga furosesa. Nan take ta tashi. Ashe akwai wata ƙafar tagulla, irin wadda ake ɗaure madabod a kai cikin akwati, da ta yi saura a ƙarƙashi tana taɓa bayan allon.

Idan taku ta ƙi, ku duba wayar wutar furosesa mai fil 8 da ke sama, an fi mantawa da ita saboda hankali na kan babbar mai fil 24. Ram kuma a danna shi sai ya yi ƙas. In da ƙananan fitilu na CPU (furosesa), DRAM (ram), VGA (hoto) da BOOT (tashin kwamfuta), wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda matsalar take. A cire ƙaramin batirin madabod mai kama da kwabo (CR2032) na minti biyar, a mayar, don saitinta ya koma na asali.

Lokacin hunturu a Zariya, don Allah ku taɓa ƙarfen akwatin kafin ku kama allon, don sauke lantarkin da ke taruwa a jiki.