Yadda ake zaga tsohuwar Alƙahira da ƙafa ba tare da kasuwa ta cinye maka yini ba

Na sha raka baƙi tsohuwar Alƙahira, kuma kusan duk wanda ya zo karon farko kuskurensa ɗaya ne. Zai ce wa mai tasi ya kai shi unguwar masallacin Husaini, a sauke shi a bakin kasuwar Khan al-Khalili da hantsi, ya ce bari ya ɗan leƙa. Leƙen nan shi zai kai shi la'asar. Ya fito riƙe da ledar turare da fitilar tagulla da bai san inda zai rataye ta ba, ƙafa ta yi tsami, sannan ya fara tambayar ina gine-ginen tarihin suke. Ga su nan a bayansa, tafiyar minti biyar, masu gadi na haɗa kujerunsu za su kulle. Ni ma haka ta faru da ni a zuwana na farko, shi ya sa tsarin da zan ba ka ya ajiye kasuwa a can ƙarshe.

Kafin ka fita

Ware yini biyu. Wanda ya ce maka yini ɗaya ya isa, a mota ya wuce. Kada ka zaɓi safiyar Juma'a, domin masallatai na shirin salla, kuma a watan azumi ana rufe wurare da wuri. In kana da zaɓi, ka zo tsakanin Nuwamba da Maris. Ka taho da katin banki, don wuraren sayar da tikiti da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi, amma ka riƙe canjin fam na Masar a aljihu saboda mai ajiye takalma da mai buɗe ƙofar hasumiya. Takalmin ya zama wanda ake zarewa ba sai an sunkuya ba, za ka cire shi ya fi sau goma. Ka sa safa kuma: marmara da rana ta buga ba ta san baƙo ba.

Ka fara daga arewa

Kada ka shiga ta tsakiya. Ka sa a sauke ka a Bab al-Futuh, ƙofar ganuwa ta arewa, ko ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na uku ka sauka a Bab al-Sha'ariya ka ƙarasa da ƙafa. Ƙarfe tara ta same ka a bakin ƙofar. Daga nan titin Mu'izz ya miƙe kudu har Bab Zuwaila, kimanin kilomita ɗaya, kuma shi ne ƙashin bayan birnin da Jauhar, kwamandan daular Faɗimiyyawa, ya kafa a 969. Ƙofar da kake tsaye a gabanta waziri Badr al-Jamali ya gina ta a 1087, ta kudun kuwa a 1092.

Kafin ka ɗaga ƙafa, ka koyi abu ɗaya, in ba haka ba zuwa azahar duk masallatan za su zame maka iri ɗaya. Ka riƙa ɗaga kai kana duban hasumiya. In ka gan ta siririya mai tsini kamar fensir da aka fiƙe, aikin zamanin Usmaniyya ne, wato bayan 1517, irin ta masallacin Sulaiman Agha da za ka tarar a hannun dama ba da nisa ba. In hawa-hawa ce, kowane hawa da barandarsa da sassaƙarsa, ga ƙubba ta dutse a gefe, ga bango mai ratsin fari da ja ko fari da baƙi, to Mamalik ne, bayin yaƙin nan da suka zama sarakuna daga 1250 zuwa 1517. Na Faɗimiyyawa sun fi ƙanƙan da kai, adonsu na fuskar gini ne. Da wannan kaɗai za ka fi rabin masu ɗaukar hoto a titin sanin abin da kake kallo.

Masallacin Hakim yana manne da ganuwa, an kammala shi a 1013. Ka shiga ka ga faɗin harabar, amma kada ka daɗe. Farin marmaran da ke ƙyalli na gyaran da aka yi ne wajen 1980, hasumiyoyin biyu su ne tsofaffin. Ci gaba kaɗan ka karya hagu cikin lungun Darb al-Asfar, inda gidan Suhaimi yake, wanda aka fara ginawa a 1648. Nan ne za ka ga yadda mai hali yake zama a da: tsakar gida mai itatuwa, zauren shan iska da ke fuskantar arewa, da tagogin katako masu rariya da ake kira mashrabiyya. Ka tsaya a bayan ɗaya ka leƙa ƙasa. Kai kana ganin kowa, ba mai ganinka, iska kuma na shigowa a sanyaye. Dawo kan titi sai ga ƙaramin masallacin Aƙmar na 1125. Lura da dabarar maginan: fuskarsa ta bi layin titi, cikinsa kuma ya juya ya kalli alƙibla, an ɓoye bambancin a kaurin bango. Inda hanya ta rabu biyu akwai sabil na Abdurrahman Katkhuda na 1744, ƙasa wurin shan ruwa na sadaka, sama makarantar allo.

Inda ya kamata ka kashe lokacinka

Da ka wuce sabil ɗin ka shigo Baina al-Ƙasraini, wato tsakanin fadoji biyu, ko da yake fadojin Faɗimiyyawan sun daɗe da shuɗewa. A hannun damanka gine-gine uku ne a jere, kafaɗa da kafaɗa: na Barƙuƙ, na Nasir Muhammad, da na mahaifinsa Ƙalawun. Tikiti ɗaya ke shigar da kai yawancin wuraren nan, saboda haka ka adana shi, kada ka cusa shi cikin kuɗi.

A nan na yi asarar zuwana na farko. Wani mutum ya tare mu da sallama mai daɗi, ya ce shi ɗan jagora ne, zai nuna mana ƙubbar Ƙalawun, amma mu fara biyawa ta wajen ɗan'uwansa mu sha shayi. Shagon ɗan'uwan ya zama shago huɗu, kowanne da la'adarsa a ciki. Da muka dawo mai gadi ya ba mu minti goma, muka shiga muka fito kamar an koro mu. Don haka duk wanda ya ce maka wurin a rufe yake yanzu, ka zo ya kai ka wani, ka ce masa shukran, ka je ka taɓa ƙofar da hannunka. In kana son ɗan jagora, ka shirya da mai lasisi tun daga masauki.

Ga yadda ake shiga na Ƙalawun. Ƙofar za ta jefa ka wani dogon soro mai tsawo da duhu. Kada ka yi sauri, ka bar idonka ya saba. Makaranta tana hagu, kabarin yana dama, asibitin yana can ƙarshe. Ka fara da makarantar, ka bar ƙubbar ta zama ta biyu, don in ka fara da ita sauran ba za su burge ka ba. Da ka shiga ɗakin kabarin ka nemi gefe ka tsaya, waya a aljihu, minti biyar cur. Abin da za ka fara gani manyan ginshiƙan dutse ne da suka ɗauki ƙubbar. Sai haske ya fara saukowa ta gilasai masu launi. Daga nan bangon zai buɗe: ƙananan yankan marmara da ɓawon kawa mai walƙiya, an jera su ɗaya bayan ɗaya. Ka matsa kusa da allunan da suke kama da zanen tabarma, ka bi layin da ido. Sunan Annabi Muhammadu (SAW) ne aka rubuta da kufi mai kusurwa, ana maimaita shi ta kowace fuska. Baƙi da yawa suna jingina da shi su ɗauki hoto ba su san rubutu ba ne. Sannan mihrabin, wanda ya ninka tsawon mutum sau da yawa.

Duk wannan aiki, da makarantar da asibitin, an yi shi ne tsakanin 1284 da 1285, wata goma sha uku kacal. Shi kansa Ƙalawun bawa ne da aka saya dinari dubu, har ake masa laƙabi da al-Alfi. Asibitinsa ya yi ɗaruruwan shekaru yana duba marasa lafiya kyauta, kuma har yau akwai asibitin ido a filin.

In ka fito, ka tsaya a ƙofar makarantar Nasir Muhammad. Za ka ga ba ta yi kama da maƙwabtanta ba, kuma da dalili: ƙofar coci ce, an ciro ta daga Akka bayan Mamalik sun ƙwace garin a 1291. Wannan Nasir ɗin shi ke kan mulki lokacin da Mansa Musa ya ratsa Alƙahira a hanyarsa ta hajji a 1324. A na Barƙuƙ, wanda aka gama a 1386, abu biyu nake nuna wa mutane: ƙyauren tagulla mai taurari, da rufin ɓangaren alƙibla mai shuɗi da ruwan zinare. Awa ɗaya da rabi a waɗannan ukun bai yi yawa ba. A ganina wanda ya ga nan kaɗai ya koma masauki bai yi asarar kuɗin jirgi ba.

Daga azahar zuwa faɗuwar rana

Yanzu kasuwa za ta fara kiranka daga hagu. Ka toshe kunne. Ka wuce zuwa masallacin Azhar, wanda aka fara salla a cikinsa a 972, ka yi azahar, ka zauna a inuwar harabar ka huta sosai. Abinci ka ci mara nauyi, akwai hawa a gaba.

Koma kan Mu'izz ta ɓangaren kudu. Gine-ginen Sultan Ghuri biyu suna kallon juna, titi ya ratsa tsakaninsu. Ya gina wa kansa kabari na alfarma, amma ya mutu a yaƙin Marj Dabiƙ a 1516 ba a binne shi a ciki ba. Kusa da nan akwai wikalarsa, zangon fatake ke nan, ƙasa ɗakunan ajiyar kaya, sama wurin kwana. Daga nan titin ya zama kasuwar 'yan gari, sai ka yi ta kauce wa babura har Bab Zuwaila. Hasumiyoyi biyun da ke kan ƙofar na masallacin Mu'ayyad ne, sarkin da aka taɓa ɗaurewa a kurkukun da ke wurin, da ya hau mulki ya rushe shi ya gina masallaci. A ƙofar nan aka rataye Tuman Bay, sarkin Mamalik na ƙarshe, a 1517. Ana hawa hasumiyar, kuma ka hau. Matakalar ƙunci gare ta, ga duhu, can sama ta koma ta ƙarfe, mai jiri ya tsaya a baranda ta farko. Tsallaken ƙofar akwai Khayamiyya, rufaffiyar kasuwar masu ɗinkin tanti, minti goma ya isa.

Kafin rana ta yi sanyi ka ɗauki tasi zuwa lambun Azhar. Ana biyan kuɗin shiga, kuma ya cancanta. Wurin juji ne na shekara kusan ɗari biyar kafin gidauniyar Aga Khan ta mayar da shi lambu mai faɗin hekta 30, aka buɗe a 2005. Garin kwashe sharar ne aka tono ganuwar zamanin Ayyubawa, wato gidan sarautar Salahuddin, da ta nutse a ƙasa. Ka bi doguwar hanyar dabino mai magudanar ruwa a tsakiya, ka nemi tudu ta yamma ka zauna. In aka kira magariba, masallatan da ka yini kana shiga za su ɗauka kusan lokaci guda daga ƙasanka. Ranar Juma'a da ranakun hutu wurin cika yake da iyalai, ka sani.

Yini na biyu

Wannan ya fi sauƙi. Fara da masallacin Ibn Ɗulun, wanda aka gama a 879, ka hau hasumiyarsa mai matakala ta waje. A jikinsa akwai gidan tarihi na Gayer-Anderson, tsofaffin gidaje biyu ne da aka haɗe. Bi titin Saliba zuwa masallacin Sultan Hasan, da aka fara a 1356, mai makarantun mazhabobi huɗu. Na Rifa'i da ke kallonsa sabo ne, a 1912 aka gama shi, can kabarin Sarki Faruƙ da na Shah na Iran suke.

Ƙal'a, wato fadar tudu da Salahuddin ya fara ginawa a 1176, za ka gan ta a saman kanka ka ɗauka da ƙafa za ka shiga. Ƙofar baƙi tana can ta bayan tudun, ta titin Salah Salim, ka ɗauki tasi. Kowa masallacin Muhammad Ali yake rugawa, ni kuwa na Nasir Muhammad da ke gefensa ya fi kwanta min.

Gidan kayan tarihin Musulunci da ke Bab al-Khalƙ ka bar shi ƙarshe, ko safiyar yini na uku in lokaci ya ƙure. Bam ya lalata shi a 2014, aka sake buɗe shi a 2017. Fitilun gilashi masu rubutu da ke ciki, wasunsu daga Sultan Hasan aka kwaso su, kuma sai wanda ya ga dogayen sarƙoƙin da ke reto a masallacin zai gane daga wane tsawo suke haskawa.

Khan al-Khalili kuwa da dare ake zuwa, bayan an kulle duk abin da ake shiga da tikiti. Shagunan suna kaiwa dare, an kunna fitilu, zafi ya sauka. Kuɗin da aka fara faɗa maka ka taya ƙasa da rabinsa, in mai kaya ya ƙi ka yi kamar za ka tafi. Fitilar tagullar kuma ka auna ta da akwatinka kafin ka biya.