Yadda ake zaɓen yawon da za ka yi in jirgin ruwa ya tsaya da ku a tsibiri

Tun da muka dawo daga tafiyar nan ta jirgin ruwa an dame ni da tambaya, a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura da ma a waya, kowa abin da yake son ji shi ne wai in jirgin ya tsaya a tsibiri ina ake zuwa kuma nawa ake biya. To bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta in huta. Ni da maiɗakina da Hajiyarmu muka yi tafiyar, mun tsaya Zanzibar mun tsaya Morishus, da su zan riƙa ba da misali amma tsarin kusan ɗaya ne ko Bahamas ka je ko Jamaika.

Abu na farko, kafin ka kalli hoton ko'ina, duba agogo. Irin wannan jirgin otal ne mai tafiya, yakan iso da safe ya tashi da yamma, kuma akwai lokacin da suke sawa cewa kowa ya kasance ya dawo ciki, yawanci rabin awa kafin tashi. Mu nan mun saba da motar tasha, sai ta cika take tashi, in ma ka je fitsari kwandasta zai ce direba dakata saura mutum ɗaya. To wannan ba ruwanshi da kai, mutum dubbai ne a ciki kuma akwai wata tashar da ke jiranshi gobe da safe. In ya tafi ya bar ka, kai za ka nemi jirgin sama da kuɗinka ka bi shi, ga kayanka can cikin ɗaki suna tafiya ba kai.

Saboda haka ka ɗauki biro ka yi lissafi. A ce an rubuta isowa ƙarfe 8 tashi ƙarfe 5, kar ka ce awa tara gare ka. Cire rabin awar nan ta ƙarshe, cire lokacin da ma'aikatan shige da fice za su gama da jirgin kafin a bar kowa ya fita, sannan ka tambaya ko jirgin zai matso har bakin gaɓa ne ko zai tsaya can cikin ruwa a riƙa jigilar mutane da ƙananan jirage. In na biyun ne to akwai layi fita akwai layi dawowa, kuma waɗanda suka sayi yawon a hannun kamfanin jirgin su ake fara fitarwa. Ni dokar da na sa ma kaina ita ce awa biyu kafin tashi in kasance ina hango jirgin da idona. Abin da ya rage shi ne lokacinka na gaskiya, sau da yawa bai wuce awa biyar ko shida ba.

Kuma a kula da agogon waya. Zanzibar ta fi mu da awa biyu, Morishus da Seshel awa uku, wayarka za ta iya canzawa da kanta ko ta ƙi, jirgin kuma da nashi lokacin yake aiki. Ka saita agogon hannu da na jirgi ka bar shi haka. Wani abin mamaki a Zanzibar, masu Suwahili daga wayewar gari suke fara ƙirga awa, ƙarfe 7 na safe ita ce ɗaya wurinsu, ƙarfe 3 na yamma kuma tara. In kuna yin alƙawari da direba ka rubuta mishi lokacin a waya ya gani da idonshi, kar ku rabu a kan baki kawai.

Na biyu, dubi wa ka taho da shi. Wannan shi ne wurin da na yi kuskure. Na ga hoton manyan kunkuran tsibirin Changuu da ke kusa da Zanzibar, wanda ake ce ma tsibirin kurkuku, na ce ai dole Hajiya ta gani, ban tambayi yadda ake shiga kwale-kwalen ba. Ashe daga bakin rairayi ake hawa, sai ka tattare wando ka taka ruwa ka ɗaga ƙafa ka haye, ga shi yana rawa. Hajiya mai ciwon gwiwa ta tsaya tana kallona ta ce "Kai yanzu nan za ka sa ni?" Sai da mutum biyu suka tallabe ta, zaninta ya jiƙe sharkaf har gwiwa, maiɗakina tana riƙe da takalma tana dariya ƙasa-ƙasa. Da muka isa dai ta ji daɗi, ta miƙa ma wani tsohon kunkuru ganye ya miƙo wuya kamar na raƙumi ya amsa a hankali, ta ce wannan ai ya girmi kakanta. Kuma ba mamaki, don a 1919 aka kawo kakanninsu daga Seshel kuma irinsu suna haura shekara ɗari. Ginin kurkukun ma a 1893 aka yi shi amma ba a taɓa tsare fursuna ciki ba, wurin killace masu cuta ya koma.

To ka karanta bayanin kowane yawo da kyau, suna rubuta ko mai sauƙi ne ko matsakaici ko mai wahala, da yawan tafiyar ƙasa da matakala. In da tsoho ko mai juna biyu ko ƙananan yara, nemi na mota mai sanyi da 'yan tsaye-tsaye. Kuma ka faɗa ma kanka gaskiya kan iyo. Mu Katsinawa in ba wanda ya tashi kusa da dam ɗin Jibiya ko Zobe ba, ina muka ga ruwa? Wankan kududdufi da damina ba shi ne teku ba. Akwai yawon leƙen kifi da ake sa tabarau da bututun numfashi a kwanta kan ruwa, yana da kyau ƙwarai, amma in ba ka iya ba ka nemi kwale-kwale mai gilashi a ƙasa ka ga kifinka kana zaune, kuma duk wanda za ka hau ka ga rigar ceto da idonka kafin ka biya.

Na uku, zaɓi abu guda. Ɗaya tak, sai ɗan ƙarami a kusa da tasha in lokaci ya ragu. A Zanzibar kaɗai akwai tsohon gari mai lunguna da ƙofofin katako masu sassaƙa wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin wuraren tarihi a 2000, akwai cocin da aka gina a inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, akwai gonakin kayan ƙamshi inda za ka ga kanumfari da kirfa da masoro a jikin bishiyarsu ba a ƙullin leda ba, akwai dajin Jozani mai jajayen birai, akwai rairayin Nungwi can arewa. Ba za ka haɗa su a wuni ɗaya ba. Nungwi kaɗai wajen awa ɗaya da rabi ce a mota, zuwa da dawowa awa uku ta tafi, kamar ka ce za ka je Daura ka ga rijiyar Kusugu ka dawo ka wuce Dutsinma duk kafin la'asar. Ni a ganina in mace tana cikin tafiyar gonar ƙamshi ta fi komai, maiɗakina har yau labarin take ba ƙawayenta.

Na huɗu shi ne babbar tambayar, a hannun wa za ka saya. Hanya uku ce. Ko ka saya wurin kamfanin jirgin, ko ka yi ciniki da kamfanin 'yan gari ta intanet tun kana gida, ko ka fita bakin tasha ka sami mai tasi ku daidaita. Na jirgi ya fi tsada, wani lokacin nesa ba kusa ba, kuma za a cika ku a bas ana kaɗa ku kamar tumaki, amma abin da kake saye da kuɗin nan shi ne in motarku ta makara jirgi zai jira ku ko su san yadda za su kai ku tasha ta gaba. Na 'yan gari ya fi araha, mutane kaɗan, kuma za ka iya ce ma direba tsaya in yi sallah. Sai dai in taya ta fashe kai ka sani.

Yadda nake rabawa yanzu, wuri mai nisa ko wanda sai an sake hawa wani jirgin ruwa, na kamfanin jirgi zan saya ko da zai yi ciwo. Wuri na kusa da ko a ƙafa zan iya dawowa, na 'yan gari. Morishus ce ta koya min. Mun ɗauki tasi daga Port Luwis, babban birninta, zuwa ƙauyen Chamarel mu ga ƙasar nan mai launi bakwai, tana can kudu maso yamma hanya duk kwana-kwana kan tsauni, mun gani mun yi hotuna, a dawowa muka faɗa goslo na masu tashi daga aiki. Ina hango hayaƙin jirgin can nesa mota ba ta motsi, Hajiya ta zaro carbi tana hasbunallahu, ni kuwa zufa har cikin takalmi. Saura minti goma sha biyar muka shiga. Alhali lambun Pamplemousses mai ganyayen ruwa faɗa-faɗa kamar faifai yana nan kusa da gari, da shi muka je da hankalinmu kwance.

Na biyar, ka karanta abin da ke cikin kuɗin. Akwai abinci ko babu, kuɗin shiga wurin yana ciki ko sai ka biya a ƙofa, awa nawa za a yi a mota awa nawa a wurin. Wani yawon rabinshi shagunan sayar da tsaraba ne ake zagayawa da kai don direba ya sami lada. Sannan mu da namu abin dubawa, wani yawon kwale-kwale mai tsada giya ce ta sa shi tsada, sha iya shanka da kiɗa da mutane rabi tsirara, ka ga kai ka biya kuɗin abin da ba za ka taɓa ba kuma ga surukarka a gefe. Tambayi ko naman halal ne, in ba ka gamsu ba kifi ya wadatar. Zanzibar dai garin Musulmi ne masallaci ko'ina, Port Luwis ma akwai tsohon masallacin Juma'a a tsakiyar gari. In ranar ta faɗo Juma'a ka sa wannan a lissafi don shaguna da yawa a Zanzibar suna rufewa lokacin sallah.

Ka kuma duba sharaɗin fasawa, yawanci kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ake yarda a mayar da kuɗi. Iska takan hana jirgi tsayawa wani tsibirin baki ɗaya, na kamfanin jirgi za su mayar maka, na waje kuwa sai in kun yi wannan maganar a rubuce tun farko.

Maganar takardu tun a gida ake gama ta. Katin rigakafin cutar shawara, wannan rawayan, dole ne ga wanda ya fito daga Najeriya. Biza kuma ka tambayi kamfanin jirgin ƙasa bayan ƙasa da koren fasfo ɗinka, kar ka bi abin da Bature ya rubuta shi da nashi fasfon, Tanzaniya ma, ƙasar da Zanzibar take ciki, tun kafin ka taso ake neman tata.

Daren da za a wayi gari a tsibirin ka haɗa 'yar jaka: katin jirgi, kwafin fasfo, ruwan sha, hula ko lema, maganin jiri in teku na juya maka ciki, takalmin roba saboda duwatsu masu kaifi da wata halitta mai ƙaya da ke kwance a ƙasan ruwa, sai canjin dala ƙanana don in ka miƙa ɗari ba za ka ga canji ba. A takardar shirin rana da suke ajiye maka a ɗaki akwai lambar wakilin jirgin na wannan tashar, ɗauki hotonta a waya kuma ka kwafe ta a takarda ka sa aljihu don caji na iya ƙarewa. Mai tasi kuma kar ka ba shi kuɗin duka da safe, rabi yanzu rabi in ya sauke ku a bakin ƙofar tasha.