Yadda Ake Gane Jar Ciyawar Teku Da Ido Da Yatsa

Ɗalibin nazarin halittu a Aliero ko Birnin Kebbi ya san kainuwa da bado tun yana yaro, amma jar ciyawar teku sai dai ta iso masa busasshiya, manne a takarda, daga gaɓar ƙasashe masu sanyi irin Ingila ko Japan. Kuskuren da ya fi yawa shi ne bin launi. Jan nata daga wani sinadari yake, fikoeritirin, mai zuƙe shuɗin hasken da ke ratsa ruwa mai zurfi, kuma rana na kashe shi. Wadda ta tsiro a inda ruwa ke janyewa takan koma kore ko rawaya, wadda ta kwana biyu a yashi ta yi fari fat. Sura ake dubawa.

Narka gishiri giram 35 a lita ɗaya ta ruwan sanyi, gwargwadon na teku ke nan, ka jiƙa ɗan yanki minti goma a farin faranti. Ruwan zafi na ɓata launin, ya kuma sa wasu sakin yauƙi. Fara da gindi: babu saiwa, ɗan faifai ne take liƙe wa dutse da shi.

In ta baje fale-fale kamar leda har kana ganin yatsanka ta ciki, ka zaci irin da masana ke kira Porphyra ce, wadda kaurinta sau da yawa ƙwayar halitta ɗaya ce tak. Danginta ne Japanawa ke nomawa suna ci da sunan nori. Palmaria ta fi kauri, kamar jemammiyar fata, tana rabuwa kamar yatsun hannu. Chondrus crispus kuwa guringuntsi ce a hannu, kowane reshe ya rabu biyu, biyun su sake rabuwa.

Masu siririn zare su ne masu wahala, a nan ake buƙatar haƙuri da madubin ƙara girma. Ceramium na da zobba, duhu da haske bi da bi, kan reshenta a tanƙware kamar bakin awartaki. Polysiphonia sai an yanka: ɗora zaren a gilashi, ka sara shi a gicciye da sabuwar reza sau da yawa, ka ɗiga ruwa. Za ka ga ƙwaya ɗaya a tsakiya, huɗu ko fiye sun kewaye ta, kuma adadinsu na taimakawa wajen raba iri. In yankan ya yi kauri sai ya kwanta a gefe, ba abin da za ka ƙirga, don haka a yi yanka ashirin a zaɓi ɗaya.

Mai tauri kamar dutse kuma a ɗiga mata ruwan lemun tsami. Corallina mai gaɓoɓi da Lithothamnion mai lulluɓe dutse duk za su yi kumfa, domin jikinsu na ɗauke da sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai. Hildenbrandia ma ɓawo take yi a kan dutse, amma ba ta kumfa.

Wajen adanawa, zura takarda mai kauri ƙarƙashinta tun tana cikin ruwa, ka baje rassan da tsinke, ka ɗago a hankali. Rufe da ƙyalle kafin jarida, in ba haka ba za ta manne wa jaridar. Danne da bulo, a riƙa sauya jarida kullum, musamman da damina da funfuna ke saurin kamawa. Corallina ba ta manne wa takarda, kuma dannewa na farfasa ta, sai a sa ta a ƙaramin kwali, a ajiye inda ba haske.