Babi na Shida: Ƙwayar da ke tare aldosteron ga mai raunin zuciya

Darasi na 1: Me ƙwayar take yi?

Idan zuciya ta yi rauni, ba ta iya harba jini yadda ya kamata. Sai jiki ya zaci jini ne ya ragu, ya yi ta fitar da wani sinadari mai suna aldosteron daga wasu 'yan ƙullutu biyu da ke zaune a saman ƙoda. Aldosteron yana sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa. Ruwan nan shi ne kumburin da kuke gani a ƙafa, shi ne hakin da ke hana mutum kwanciya rigingine. Banda haka, aldosteron yana sa naman zuciya ya yi tauri kamar tabo.

Ƙwayar tana tare masa hanya. Ku ɗauki kwalinku, ku bi rubutun da yatsa a hankali: za ku ga Spironolactone, ko kuma Eplerenone. Kusa da sunan akwai lamba, galibi 25 mg. Wannan "mg" ma'aunin ƙarfin magani ne, ba yawan ƙwayoyin da za a sha ba. Likita yakan fara da guda ɗaya a rana, ko ma rabi. A wani bincike da aka fitar a 1999 kan masu tsananin raunin zuciya 1,663, Spironolactone ya rage mace-mace da kashi 30 cikin 100.

Darasi na 2: Gwajin jini

Nan ne aka fi tuntuɓe, don haka ku natsu. Ƙwayar tana fitar da gishiri da ruwa, amma tana riƙe wani sinadari a jini, fotasiyam. Idan ya taru da yawa, yana birkita bugun zuciya, har ya tsayar da ita. Kuma sau da yawa mutum ba ya jin komai kafin hakan ta faru. Gwajin jini ne kaɗai ke nuna shi.

Ana gwaji kafin a fara sha. Ana sake yi bayan mako 1, a kuma bayan mako 4, daga nan sai ranakun da likita ya rubuta muku. In an ƙara ƙarfin maganin, lissafi ya koma farko: mako 1, mako 4. Ku faɗa da baki: mako ɗaya, mako huɗu. Madalla, ku sake.

A takardar sakamako ku nemi harafin K, shi ne fotasiyam. Lamba kamar 4.5 ana karanta ta "huɗu da ɗigo biyar". Daga 3.5 zuwa 5.0 lafiya lau. Idan ta wuce 5.5, likita yakan rage maganin. Idan ta wuce 6.0, tsayar da shi ake yi nan take. Kada ku ji kunya in lambobin sun rikice muku, ku miƙa wa ma'aikacin lafiya ya karanta. A gwajin nan ɗin ake duba lafiyar ƙoda.

Amma fa "ai ina jin sauƙi, gwajin me kuma?" ba magana ba ce. Haba jama'a! An faɗa, an maimaita: ba a jin fotasiyam a jiki. Wanda ya sha ƙwaya wata uku bai ba da jini ba, ganganci yake yi da ransa. Ku rubuta ranar gwajin a jikin kwalin da manyan baƙaƙe. Mako ɗaya, mako huɗu.

Darasi na 3: Abin da ba a haɗawa da ita

Kada ku sha Ibuprofen ko Diclofenac don ciwon jiki, suna wahalar da ƙoda, fotasiyam ya hau. Haka Septrin, sai da sanin likita. Gishirin da ake sayarwa a madadin gishirin girki ma, yawancinsa fotasiyam ne. In gudawa ko amai suka kama ku, ku dakata da ƙwayar, ku tuntuɓi likita a ranar, domin da alama za a sake gwajin jini.

Darasi na 4: Sauran abubuwa

A sha da safe, tare da abinci. In an manta ta jiya, ba a shan biyu yau. Wasu maza nononsu kan kumbura ya yi zafi. Su faɗa, ana iya canza musu zuwa Eplerenone. Mai ciki ko mai neman ciki ta sanar da likita tun kafin ta fara.

Darasi na 5: Awo

Ku hau sikeli kowace safiya. Ƙarin fiye da kilo 2 cikin kwana 3, a je asibiti.